Yadda Aka Yasar da Mu a Tuddan Jablonec

Karatun shimi, wato kimiyyar sinadarai, shi ne ya kai ni Lyon daga Maradi. Da na gama, Allah ya sa na samu aiki a wata izin, wato masana'anta, a Saint-Fons, kudu da gari, inda masana'antu suka jeru a bakin kogin Rhône suna ta fitar da hayaƙi. Aikina shi ne in auna ruwan da aka gama amfani da shi kafin a sake shi. Ni kaɗai ce baƙar fata a labo ɗinmu, ɗakin da muke gwaje-gwaje, ni kaɗai ce mai ɗaura kallabi, kuma ba a riga an tabbatar da ni ba, ina cikin watannin gwaji. A ɗarare nake rayuwa lokacin: kar in makara, kar in yi kuskure, kar in yi dariya da ƙarfi. In na koma ɗaki da maraice sai in kunna saƙonnin muryar da Inna ke aiko mini, in yi ta maimaita su, ba don maganar da take yi ba, don kukan kaji da sautin turmi da nake ji a bayanta.

Dangina a Faransa mutum ɗaya ne, Gwaggo Salamu, ƙanwar mahaifina. Tana zaune a Clichy-sous-Bois tun kafin a haife ni, kuma tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da butik ɗinsu a Saint-Denis. Leshi take sayarwa, da mayafai, da carbi, da duwatsun ado na ƙarau waɗanda teloli ke jerawa a wuyan riga. Rabin kayanta Maradi da Kano suke tafiya. Mace ce mai jiki, mai murya, ga ciwon sukari da ya daɗe a jikinta, kullum da safe sai ta yi wa kanta allura.

Wata Lahadi a farkon sanyi ta kira ni. Gaisuwar ma a gajarce ta yi ta.

"Ramatu, kina da konje?"

"Akwai ƴan kwanakin hutu, Gwaggo. Lafiya?"

"Lahiya lau. Raka ni za ki yi inda ake yin duwatsun nan. Na gaji da saye hannun mutum na ukku. Ke kin iya Ingilishi, kin taɓa karatun Jamusanci a lakkwal, ke za ki yi mini baki."

Ta faɗi sunan wurin ban gane ba, sai da ta ɗauki hoton kwalin kaya ta turo mini. Jablonec nad Nisou. Na duba taswira na same shi can arewacin ƙasar Cek, gunduma ce ƴar ƙarama da ta maƙale a kusurwa kusa da Poland, duk launin tuddai da daji. Tun a lokacin tafiyar ba ta kwanta mini ba, ban san dalili ba. Amma ba a ce wa Gwaggo a'a.

Na shiga jirgin ƙasa zuwa Paris ranar Juma'a bayan an tashi aiki. A gidanta na tarar da wanda zai kai mu, Malam Issufu, mutumin Tawa, mai wata farar kamiyonet da yake yi wa ƴan kasuwa jigilar kaya da ita. Siriri ne, mai sanyin murya, ba ya haɗa ido da babba. Da Gwaggo ta shigo falon sai da ya zame daga kujera ya gaishe ta a ƙasa. Ya ce ya sha ɗauko kaya daga can, ya san masu izin ɗin da sunayensu, har akwai wanda yake kwana a gidansa. Matarsa Mariyama ta rako shi, yarinya ce mai tsohon ciki, ta kawo mana dambun zogale da soyayyen nama a roba don guzuri. Ta riƙe hannun Gwaggo ta ce, "Hajiya, ga amanarki nan, ga amanata. Allah shi kai ku lahiya."

Da asuba muka kama hanya. Har muka wuce Metz babu abin da zan ce Issufu ya yi. A wani wurin hutawa kafin mu shiga Jamus ne ya rage murya ya ce wa Gwaggo ƴan duwan, wato kwastan, na tare motoci, in suka ga kuɗin fatauci a jikin mutum sai su riƙe shi su yi ta tambayoyi. Ya ce yana da wurin da yake ɓoye na Alhazai, bayan wani allo a jikin motar. Gwaggo ta juya baya, ta kwance ɗamarar kuɗin da ke ƙugunta ta miƙa masa. Takardunta kawai ta mayar cikin rigarta. Na so in yi magana, amma na ga ni ce ƙarama a motar.

Abin da ya fara damuna shi ne da muka shiga Jamus sai ya ce in ba shi wayata ta riƙa nuna masa hanya. Ya maƙala ta a gabansa ya jona ta da caji.

"Malam Issufu, ba ka ce ka san hanyar ba?"

"Na san ta, Malama. Sun sake tituna ne bana."

Muka kwana a wani masauki kusa da Dresden, washegari da hantsi muka tsallaka iyakar Cek. Daga Liberec hanya ta fara hawa, ba ta kuma daina ba. Ni da na tashi inda in ka cire gangaren Gulbi ba ka da wani tudu, na ɗauka tuddan Lyon sun gama koya mini hawa. Ashe wasa ne. A can babu fili ko kaɗan. Kowane gari a cikin kwari yake, a matse tsakanin tudu da tudu, rafi na gudu a tsakiyarsa, titi da layin dogo suna bin rafin, gidaje kuma sun hau gangare ɗaya bisa ɗaya kamar suna leƙen juna. Sama da gidajen sai daji, dogayen itatuwa masu duhu a tsaye cak. Ko'ina ka duba akwai doguwar bututun hayaƙi ta jan bulo, amma yawancinsu babu hayaƙin. A bakin gari kuma sai sababbin gine-gine masu launin toka marasa taga, manyan motoci na shiga da fita.

Cikin garin Jablonec kuwa Gwaggo ta manta da gajiya. Kantuna ne jere, tagoginsu cike da duwatsu, ja da kore da ruwan zuma, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar goro. Ta tsaya a gaban wata taga ta dafa ƙirji.

"Ramatu, dubi. Shekara da shekaru ina saida abin ga, ban taɓa ganin gidansu ba."

Ta so ta shiga ta fara ciniki, Issufu ya hana. Ya ce wannan farashin ƴan yawon buɗe ido ne, izin ta gaskiya tana can sama da Tanvald, gobe da safe zai kai mu wurin mai ita.

Matar da ke riƙe da masaukinmu tana jin Ingilishi. Da na sauko neman ruwan zafi muka ɗan taɓa hira. Ta ce kakanninta duka ƙarau suka yi, a wannan yankin ƙasa ba ta noma sosai, dutse ne da sanyi, sai itace da ruwa, su ne suka kawo aikin ƙarau tun da can. Ta ce har yanzu ana yi, amma wurare da yawa sun rufe, matasa sun koma izin ɗin kayan motoci, wasu kuma suna jiran masu zuwa wasan dusar ƙanƙara da hunturu. Sai ta leƙa ta taga ta dubi motarmu, ta daɗe tana kallon tayoyin.

"Gobe dusa za ta sauka a sama," ta ce. "Da waɗannan tayoyin kar ku yi nisa."

Na faɗa wa Issufu. Ya yi murmushi ya ce Turawa akwai tsoro.

Da safe Gwaggo ta yi allurarta kamar kullum, muka sauko karin kumallo. Teburin cike yake da yankakken naman alade iri-iri, burodin ma a gefensa aka ajiye. Gwaggo ta dube shi ta kau da kai. Na ce ta ci ko ƙwai ne, ta ce ba ta san da man da aka soya shi ba, za ta ci dambun Mariyama a mota. Shayi kawai ta sha, shi ma babu sukari. Da muka fito Issufu na ta duba agogo, ya ce mutumin na jiranmu, robar abincin kuma tana can baya ƙarƙashin jakunkuna, in mun isa sai a ciro.

Muka bi kwari muka wuce Smržovka, ta kusa da wata doguwar gadar jirgin ƙasa ta dutse, muka gangara Tanvald inda rafuka biyu suka haɗu, muka bi ɗaya daga cikinsu zuwa Desná. Daga nan Issufu ya bar babban titi ya kama wata siririyar hanya mai hawa. Gidaje suka fara yin nisa da juna, daga baya suka ƙare. Dusa ta fara sauka, shiru, ba kamar ruwan sama ba. Na lura ya daina kallon wayar.

Ya tsaya a gaban wani dogon gini mai bututun hayaƙi.

"Nan ne, Hajiya. Ku zagaya ta baya, ƙofar biro, ofishinsu, tana can. Ku bar jakunkuna, ba su bari a shiga da su. Bari in juya mota in same ku."

Muka sauka. Na tuna da wayata har na juya, sai Gwaggo ta ce in zo in riƙe ta, ƙasa na da santsi. Muka zagaya a hankali. Tagogin bayan ginin duk a farfashe suke. Wani ɗan itace ya tsiro a kan matakala. Ƙofar kuwa an ɗaure ta da sarƙa, sarƙar ta yi tsatsa har ta rine ƙofar. Na leƙa ta wata taga, babu komai ciki sai tarkace da kashin tsuntsaye.

Na saki hannunta na koma da gudu. Sawun taya kawai na tarar, ya yi kwana ya gangara, dusa har ta fara rufe shi.

Gwaggo ta iso tana haki. Ta dubi hanyar ta ce, "Ya tai neman wurin juyawa ne. Hanyar ta matse."

Muka tsaya. Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. Babu ƙarar mota, babu tsuntsu, babu muryar ɗan Adam, sai numfashinmu. A Maradi ko a daji kake za ka ji wani abu, ko jaki ko mai kiwo. Nan kamar an toshe wa duniya baki. Gwaggo ta sake cewa yanzu zai dawo, ta kuma sake faɗa, muryarta na raguwa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da abincin ya tahi."

Wayarta na cikin jakarta, jakar na cikin motar, haka ma magungunanta. Abin da ke aljihun kwat ɗina fasfo ne da katin zama da katin banki da makullin ɗakina na Lyon. Ko alewa ɗaya babu.

Muka fara gangarawa. Takalmanmu na birni ne, kowane taku sai mun zame. Ina riƙe da ita, tana jingine da ni, nauyinta na ƙaruwa. Ba mu yi wata tafiya mai nisa ba na ga zufa na tsattsafo mata a goshi, cikin wannan sanyin da ni yatsuna ma ba na jin su. Hannunta ya fara karkarwa. Na san abin da ke faruwa. Allurar da ta yi da safe tana ta aiki, babu abinci a cikinta, ga tafiya. Na san abin da ke biyo baya in ba a samu sukari ba, kuma sanin bai amfane ni da komai ba sai ƙarin tsoro.

"Hajara," ta ce. Sunan mahaifiyata ke nan. "Hajara, leƙa ki gani ko an ɗaure awakin nan. Hadari ya taso."

"Gwaggo, ni ce Ramatu."

"To ki ce ma yaran su shigo da shanya."

Sai ga mota ta fito daga sama. Na saki Gwaggo na shiga tsakiyar hanya na ɗaga hannu biyu. Mutumin ya rage gudu, na ga fuskarsa sarai, ya dube ni, ya dubi Gwaggo da ke tangaɗi, ya kauce ta gefena ya wuce. Har yau ba na ce mugu ne ba. Wataƙila tsoro ya ji, wataƙila ya ga in ya taka birki a wannan gangaren ba zai iya tsayawa ba. Amma lokacin da fitilunsa suka ɓace a kwana na ji wani abu ya karye a cikina.

Da na juyo Gwaggo ta zauna a cikin dusar. Na yi na yi ta tashi, ta ƙi. Idanunta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Na tuna yadda ake kai gawa gida daga Faransa, cikin akwati, a ƙasan jirgi tare da kaya. Na ga kaina ina kiran Baba ina faɗa masa ƙanwarsa ta mutu a hannuna a wani daji da ban iya faɗin sunansa ba. Na yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata.

Cikin haka na ji warin hayaƙi. Na kasa kunne, sai na ji wani sauti daga ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga ƙarfe a hankali. Barin ta a wurin shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Na ja ta na jingina ta da wasu gungumen itace da aka tara a bakin hanya, na cire kwat ɗina na lulluɓe ta, na ce, "Gwaggo, kar ki yi barci. Don Allah kar ki yi barci." Na bi gangaren da gudu, ina faɗuwa ina tashi.

Gida ne na katako a ƙasan hanya, a gefensa wata ƴar bukka mai dogon rufi, daga nan hayaƙin ke fita. Wani ƙaton kare ya taso mini, sarƙarsa ta tsayar da shi dab da ƙafata. Ni da nake tsallaka titi in na hango kare a Lyon, ban ko tsaya ba. Na tura ƙofar bukkar.

Zafi ya buge ni. Wata tsohuwa ce zaune gaban wuta, da baƙin tabarau, tana riƙe da sandar ƙarau da bakinta ya yi ja, tana cusa shi cikin wani ƙarfe tana dannawa. Da ta gan ni ta zabura ta miƙe, ta ɗaga sandar tsakanina da ita. Ban ga laifinta ba. Baƙar mace ce ta faɗo mata daga daji, babu kwat, kallabi ya zame, gwiwa na jini.

Na yi Faransanci, ba ta gane ba. Na yi Ingilishi, ta girgiza kai. Jamusancin da na koya duk ya gudu, kalma ɗaya ta rage. Na ce, "Zucker," wato sukari. Na nuna sama wajen hanya, na kwatanta yin allura a ciki, na kwatanta faɗuwa.

Ta sauke sandar. "Cukr," ta ce. Ta cire tabaran ta dube ni da kyau.

Ban taɓa ganin tsohuwa mai sauri irinta ba. Ta shiga gida ta fito da kwalbar zuma da bargo, ta janyo wani abin katako mai sulɓi da suke jan itace da shi a kan dusa, ta miƙa mini igiyar. Muka hau tudun tare, tana gaba ina baya.

Mun tarar Gwaggo ta kife gefe guda, idanu a lumshe. Na kira ta, ta yi wani gurnani. Tsohuwar ta durƙusa, ta ɗaga kanta ta ɗora a cinyarta, ta lakato zuma da yatsa ta shafa mata a cikin kumatu da dasashi, tana ta yi mata magana da yarensu a hankali kamar mai lallashin jariri. Ta sake lakatowa ta shafa. Ni ina riƙe da hannun Gwaggo ina kallon maƙogwaronta. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sai na ga ta haɗiye. Ta sake haɗiyewa. Can ta buɗe ido ta dubi farar fuskar da ke kanta, ta dube ni.

"Ramatu, wace ce wagga?"

Sai a lokacin na fashe da kuka.

Muka ɗora ta a kan katakon muka ja ta zuwa gidan. Kicin ɗin na da wani babban murhu na tangaran, tsohuwar ta zaunar da mu a jikinsa, ta cire wa Gwaggo takalma ta naɗe ƙafafunta da tawul. Ta yi wa asibiti waya, ta haɗa shayi mai sukari da yawa, ta kawo burodi da dafaffen dankali. Gwaggo ta dubi farantin ta ce in tambaya ko babu alade. Ban san yadda zan tambaya ba, sai na yi kukan alade ina girgiza kai. Tsohuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗaga man shanu ta nuna mana, ta yi kukan saniya. Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Věra." Muka faɗa mata namu.

Akwai wani faranti a kan teburin cike da jajayen duwatsu da ba a riga an goge su ba. Gwaggo, da ko kofi ba ta iya riƙewa sosai, ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, ta ɗaga shi wajen taga, ta murza shi a yatsa.

"Shi ne," ta ce. "Irin shi ake kawo muna a ce daga Makka ya hito. Ashe tsohuwa ce ka yin shi a bukkarta."

Da motar asibiti ta iso, Věra ta kamfaci duwatsun ta zuba mata a aljihu. Gwaggo ta zare zoben hannunta ta miƙa mata. Věra ta kama hannun, ta mayar da zoben, ta dunƙule yatsun Gwaggo a kansa, ta ɗan bubbuga. Ta tsaya a bakin ƙofa da karenta har muka sha kwana.

Gwaggo ta kwana a asibiti a Jablonec, suka ba ta magungunan da za su kai ta gida. Ni kuma na yini a wurin ƴan sanda. Na miƙa musu takarduna, daidai suke. Sun daɗe suna juya katina kafin su saurari abin da ya kawo ni, wani mai fassara na magana ta waya. Ba su yi mini wulaƙanci ba, ba su kuma ba ni wani fata ba. Suka ce daga inda aka bar mu zuwa Poland ko Jamus ba wata tafiya ba ce. Matar masaukin ta bar mini ɗakin, ta ba ni tsohon takalmin ɗiyarta, ta taya ni sayen tikitin kar, wato babbar bas, da katin bankina. Da wayar matar ce Gwaggo ta kira maƙwabciyarta a Clichy, don lambarta kaɗai ta haddace.

Daga Liberec muka je Prague, daga can muka kama doguwar hanyar Paris. A iyakar Jamus ƴan sanda suka hau motar, suka wuce kowa suka tsaya a kanmu. Garin miƙa musu katina sai da ya faɗi ƙasa. Gwaggo kuwa tun da muka tashi ba ta daina maganar Issufu ba. Ta ce sai ta tara masa mutanen Tawa kaf, sai ta kai shi gaban limami, sai sunansa ya isa har ƙauyensu. Ta ce ba dukiyar ce ta fi yi mata ciwo ba, ya san da allurar, a gabansa ta ce ba ta ci komai ba.

Da muka sauka a gar ɗin Bercy, tashar motocin Paris, da hantsi, wadda muka fara gani Mariyama ce. Tana tsaye a jikin wani ginshiƙi, ta tallafe cikinta da hannu ɗaya, fuskarta a kumbure. Labari ya riga mu isowa, amma rabinsa. Ta taho a hankali, tana leƙa bayanmu ko wani zai sauko.

"Hajiya, sannunku da hanya. Ina shi? Wayarshi ba ta shiga tun shekaranjiya. An ce mini kun rabu, ba a ce mini ina ba."

Na dubi Gwaggo. Na ga bakinta ya buɗe, na san maganganun da ta tara tun daga Prague suna nan a kan harshenta. Ta dubi fuskar yarinyar, ta dubi cikin.

"Kin ci abinci?" ta ce.

Mariyama ta girgiza kai.

"To taho mu tai gida. Ba a nan za mu yi maganar ba."

A falonta ta faɗa mata komai, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Mariyama ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta zame daga kujera ta kama ƙafar Gwaggo tana cewa ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba. Gwaggo ta ce ta sani, ta tashi kar ta danne cikin.

Issufu bai dawo Saint-Denis ba. Wani ya ce ya gan shi a Italiya, wani ya ce a Hamburg, babu wanda ya tabbatar. Da Mariyama ta haihu, Gwaggo ce ta yi wa jaririyar wankan farko, a gidanta kuma aka yi suna. Butik ɗin ya daɗe bai farfaɗo ba, sai da ta sallami mai taya ta tsaro ta koma zama da kanta.

Ni na koma Lyon ran Litinin na sa farar rigata na ci gaba da auna ruwa. Ban faɗa wa kowa a labo ba. An tabbatar da ni a aikin bayan ƴan watanni, na yi murna, amma wani abu bai koma daidai ba. Ba na iya shiga motar da ban san mai tuƙa ta ba. In dusa ta fara sauka a Saint-Fons sai in ji numfashina na sarƙewa, in nemi inda mutane suke da yawa in tsaya.

Da sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, Gwaggo ta sake kirana wata Lahadi. Wannan karon ta yi gaisuwar har ƙarshe, ta tambayi aiki, ta tambayi Inna da Baba, sannan ta kawo maganar.

"Ramatu, matar nan ba mu gode mata yadda ya kamata ba. Na ɗinka mata zane da riga, na sa an kawo mata zumar gida. Tsohuwa ce, ba mu san kwananta ba, ba mu san namu ba. Ni ban iya gane hanyar. Ke kaɗai kika ga gidan da idonki biyu."

Na ce mata zan duba konje. Na ajiye wayar. Kayan suna nan a ɗaure a kan kabad ɗinta, duk zuwan da na yi Clichy sai na gan su. Ba ta sake tambayata ba, ni kuma har yau ban ba ta amsa ba.